Ranar da Jirgi Ya Tsaya wa Baba Tanko

Jiya da yamma a teburin mai shayin nan namu na Tudun Wada, ina jiran shayina ya huce, na ji Nazifi yana gaya wa abokansa wai duk cikin ma'aikatan reluwe babu wanda ya ci banza irina. Wai mutum ya tashi da safe ya ɗaga ƙyalle, ya sauke ƙyalle, shi ke nan a ce ma'aikaci ne. Har kwatanta musu ya yi da hankici, suka bushe da dariya. Ban tanka ba, don bakina cike yake da burodi. Yau kuwa na ƙoshi tun daga gida, saboda haka ku kife wayoyin nan ku saurara. Kai ma Nazifi matso kusa, ba na cizo.

Tashar da na yi wa aiki ba babbar tashar Sabon Gari ba ce, ta masu farin wando da hula mai baki. Tamu 'yar ƙarama ce a bayan gari, ana ce mata Rimi Biyu, ko da yake tun kafin in kama aiki tsawa ta ci ɗaya. Turawa ne suka kafa ta don lodin auduga da gyaɗa. Da ƙananan ma'aikata suka ga fili na araha a wajen, sai suka yi ta gina gidaje, har aka sa mana jirgin da zai kwashe su da safe ya kai su cikin Zariya, ya dawo da su da yamma. Tashar ɗaki biyu ce kawai, da tagar sayar da tikiti, da benci ɗaya mai cin riga, da tankin ruwa, da wani guntun ƙarfen layi da aka rataye a jikin rimi muna bugawa a madadin ƙararrawa. Amma zo da safe ka ga jama'a. Ga ma'aikatan jinya na asibiti cikin fararen kaya suna ɗage ƙafa kada laka ta taɓa su, ga ɗaliban jami'a na harabar Kongo rungume da littattafan da ba sa buɗewa, ga leburorin kamfanonin Sabon Gari, ga masu tallar nono da ƙorai a ka, ga masu rake waɗanda kullum sai sun rantse cewa damin nan kayan hannu ne, ba na awo ba.

Aikin farko da aka ba ni zama ne. Wanda ya koya mini sana'ar, Baba Tanko, dogon mutum ne mai gajeren haƙuri. Ya kama hannuna ya kai ni tsakiyar layi, ya ce in zauna a kan ƙarfen. Na zauna. Shi kuma ya koma inuwar rimi ya kunna rediyonsa. Rana ta ɗaga, ƙarfe ya ɗau zafi, na soma mutsu-mutsu, sai ya ɗago sandar tuta ya nuna ni daga nesa, na natsu. Can sai na ji wani abu kamar tafiyar kiyashi a cikin wandona. Na zabura na miƙe ina kakkaɓewa.

"Me ya cije ka?" in ji shi.

"Baba, ban ga komai ba."

"Jirgi ne ya cije ka, sakarai. Koma ka zauna."

Na duba kudu, na duba arewa, babu hayaƙi babu ƙara. Sai da aka jima sosai sannan na ji kukansa daga bayan kwana. A ranar Baba Tanko ya gaya mini cewa waya tana ƙarya, agogo yana ƙarya, babban akawu ma yana ƙarya har da rantsuwa, amma ƙarfen layi bai iya ba. Tun daga nan ban sake jin daɗin kujera a tashar nan ba, sai kan layi. Matata ta sha cewa ba ta taɓa ganin mutumin da wandunansa duk a wuri ɗaya suke mutuwa ba sai ni.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Tuta ja, tuta koriya, usur, da fitilar hannu mai gilashi biyu. Koriyar ba ta da wuya, ko Nazifi zai iya, ka miƙe hannu a natse jirgi ya wuce. Ja ita ce sana'ar. Tasharmu tana da kwana ta ɓangaren Kaduna, direba ba ya ganin dandamali sai ya zo daf da shi. Jirgi kuma ba keken ɗinki ba ne da za ka ɗage ƙafa ya tsaya. In direba ya ja birki a nan bakin mai shayi, sai ya wuce masallacin can na ƙarshen layinmu kafin ya yarda ya tsaya. Don haka in saniya ta kwanta a kan layi, ba kusa da ita za ka tsaya kana kaɗa tuta ba, in ba so kake a kwashe ku a buhu ɗaya ba. Gudu za ka yi har bayan kwana, ka tsaya a tsakiyar layi, ka kaɗa ja da duk ƙarfin kafaɗarka. Baba Tanko yakan sa ni wannan gudun da tsakar rana ba gaira ba dalili, shi yana zaune yana cin goro. In na dawo ina haki sai ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Saniyar dai ta riga ta zama kilishi." Ya kuma koya mini cewa direba ba ya tambayar inda ja ya fito. In ya ga ana kaɗa shi da ƙarfi a gabansa, ko ɗankwalin amarya ne, dole ya tsaya.

Fasinjoji kuwa kowa da irin nasa. Akwai wani malamin makaranta da kullum sai an buga ƙarfe zai fito daga gida da takalmi a hannu, yana gudu yana kiran, "Malam Garba, riƙe mini shi!" sai ka ce akuyarsa ce ta tsinke. Akwai masu fara alwala daidai lokacin da aka busa usur, su riƙa kallonka ta gefen ido, su ga ko kana da ƙarfin halin barin mai alwala a baya. Wata safiya wata Hajiya ta goyo ɗan akuya a bayanta, ta lulluɓe shi da mayafi don kada a kai shi taragon dabbobi. Tana sa ƙafa a matakala ya saki kuka. Baba Tanko bai ko yi murmushi ba, ya ce, "Allah ya raya, Hajiya. Muryar babansa ya ɗauko."

Direban da ya fi daɗewa da mu Malam Bulus ne, mutumin Wusasa. Yana matashi ya fara biyowa, kuma Baba Tanko ne ya gyara masa hannu. Ƙa'idar tsohon ita ce hancin jirgi ya tsaya daidai saitin rimi. In Malam Bulus ya zarce ko da kamu ɗaya ne, Baba Tanko zai je har gindin injin ya ɗaga kai ya tambaye shi ko Kano ya nufa. In ya tsaya daidai kuwa babu yabo, sai dai ya karɓi goron da Malam Bulus ke jefo masa ta taga, ya duba shi gaba da baya, ya ce na jiya ya fi kyau.

Shekarar da abin ya lalace, ba rana ɗaya aka ce an daina ba. Da ma haka aka yi, da mun yi kuka mun share hawaye. Na safe ya koma zuwa da azahar. Na yamma ya koma sai in an ga dama. Ma'aikatan jinya suka gaji da zagin manyansu suka koma bas, ɗalibai suka bi su, masu nono suka koma tafiya a ƙafa don nono ba ya jiran gyaran inji. Sai wata rana na zauna a kan ƙarfe tun safe har la'asar, bai ce mini komai ba. Washegari ma haka. Aka ɗauke mai sayar da tikiti, aka ɗauke shugaban tasha, Baba Tanko ya yi ritaya, aka bar ni ni kaɗai ina gadin tashar da babu abin da ke zuwa cikinta sai awaki. 'Yan gwangwan suka zo suka taimaka mana suka kwashe tankin ruwa da hannun sigina. Ban ji zafin tankin ba kamar ranar da na tarar an sauke guntun ƙarfen nan da muke bugawa. Ranar kam raina ya ɓaci ƙwarai.

Gari kuma ya taso ya haɗiye mu. Gidaje suka matso har bakin tsakuwa, kowa ya cinye filin ƙofar gidansa ya fitar da shago, har ya zama duk unguwar babu wani sarari sai kan layin dogo. Nan mata ke shanya barkono da kuɓewa, nan ake ƙwallo, nan ake ɗaurin aure da suna. Masu ba da hayar rumfa ma sun fi son wurin, don ba sai sun kafa turke ba, a jikin ƙarfen layi suke ɗaure igiya. Yaran da aka haifa a lokacin sun ɗauka don shanya Turawa suka shimfiɗa shi.

Sai kuma aka shigo zamanin "jirgi zai dawo." Alamarsa fenti ce. Da ka ga mota ta sauke masu fenti, to an kusa wani abu a sama. Su shafe bangon da ke kallon layi, su bar na baya yadda yake, su tafi. Karon farko unguwa ta ɗauka da gaske. Aka kwashe shanya, aka share layi, mata suka dafa shinkafa, aka jera 'yan makaranta a rana da sababbin kaya, ni kuma na goge takalmi na tafi bayan kwana na tsaya. Har magariba babu jirgi. Muka cinye shinkafar. Karo na gaba an share layi amma ba a dafa komai ba. Daga nan in na ce jirgi zai zo, sai mai barkono ta ce in ya iso in gaishe shi. Kowane zuwa nakan roƙi masu fentin su gaya wa manya ina buƙatar sabuwar jar tuta, don tawa ta koɗe ta koma launin koko. Sukan ce to, su dai fenti aka ba su.

Mutum ɗaya ne bai taɓa daina yarda ba. Baba Tanko, da ƙofar gidansa ke kallon layi, kullum da safe zai jawo sandarsa ya zo gindin rimi da rediyonsa, ya zauna har rana ta kore shi. Samari na tsokanarsa, su ce Baba yau na ƙarfe nawa ake jira. Ba ya kula su. Ni yake ce wa, "Garba, jirgin nan zai sake tsayawa a nan. Ni dai ba inda za ni sai ya tsaya mini." Ni ma abin da nake so ke nan a duniya, in ga hancin jirgi a saitin rimin nan ko sau ɗaya ne, amma na bar faɗa don na gaji da zama abin dariya.

Allah bai nufa ya gani ba. Ya kwanta ciwo 'yan kwanaki, ya cika. Ana gobe sadakar uku sai ga waya daga hedkwata. Wani mai magana da sauri ya ce gobe da hantsi jirgin gwaji zai biyo ɗauke da manya, in kori dabbobi daga kan layi. Na tambaye shi ko za su tsaya. Ya ce a ina? Rimi Biyu ai an cire ta daga tashoshin tsayawa, wucewa kawai za su yi. Kafin in gaya masa abin da ke kan layin ya kashe, da na sake kira kuma wayar a rufe.

Da sassafe na je na sami babban ɗan marigayin, Alhaji Sani, yana tsaye ana ɗaure igiyoyin rumfa a jikin ƙarfe, ana shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gidansu har kusa da dandamali.

"Alhaji, an bugo mini waya. Jirgi zai biyo da hantsi."

Ya dafa kafaɗata. "Allah sarki, Malam Garba. Rashin nan ya taɓa ka. Zauna a kawo maka koko."

"Wallahi da gaske nake."

"Wancan karon ma da gaske kake, har shinkafa muka dafa. Yanzu so kake in je in ce wa dattawan nan su naɗe tabarma daga addu'ar mahaifina, saboda jirgin da shi kansa ya mutu yana jira? In kai su ina, kan rufin gida?"

Da na bi ƙa'ida, da tun lokacin na tafi bayan kwana na tsaya. Amma na sha wuni a can ina gadin iska, kuma wannan addu'ar mutumin da ya koya mini neman abinci ce. In ba a gan ni a wurin ba, har jikokina sai an yi wa gori. Sai na sa tsohuwar tutata a aljihu, na ƙi tabarma, na zauna a kan ƙarfe a gefen Liman.

Limamin unguwar mutumin kirki ne, amma in ya ɗaga hannu sai ka tausaya wa kafaɗarka. Yakan fara daga annabawa, ya bi ta kan malaman Zazzau ɗaya bayan ɗaya, ya sauko kan shugabanni, da matafiya, da marasa lafiya, da damina, kafin ya iso kan mamacin da aka taru dominsa. Kuma kun san mutanenmu, in an ɗaga hannu babu mai saukewa, babu mai tashi, sai an shafa. Yana tsakiyar malaman Zazzau, ido a rufe, sai kiyashin nan na Baba Tanko ya fara tafiya a cikin wandona. Shekara da shekaru ban ji shi ba, amma ban yi shakka ba ko kaɗan.

Na ce, "Jama'a, jirgi!"

Wani dattijo ya buɗe ido ɗaya ya harare ni. Wani ya ce, "Haba Malam Garba, ana addu'a." Daga nesa aka ji kuka, sai na bayana ya ce tirela ce, ai yanzu duk irin wannan odar suke sawa. Na dubi wurin. Ga rumfa a ɗaure a jikin layi, ga tukwanen abinci, ga tsofaffin da kowannensu sai mutum biyu sun kama kafin ya miƙe. Ko sun yarda da ni a lokacin, ba za a gama kwashe su ba. Abu ɗaya ya rage. Na zaro tutata na dube ta, na ga in na kaɗa wannan, direba zai ɗauka maraba nake masa, ya ɗago mini hannu ya wuce. Na waiga ina neman ja. A wurin makoki kowa fari da shuɗi ya sa. Ja ɗaya ne tak a wurin, dardumar da Liman ke zaune a kai.

Na durƙusa na kama gefenta. "Allah gafarta Malam, ɗan ɗaga."

Har gobe ina jinjina wa mutumin nan. Bai buɗe ido ba, bai yanke addu'a ba. Ya karkata dama na ja, ya karkata hagu na zare, ya sauka a kan tsakuwa yana roƙa wa matafiya sauka lafiya, jama'a suka ce amin.

Na fara gudu, gwiwoyina suka tuna mini shekaruna. Sai ga wani ɗan acaɓa da ya zo gaisuwa yana jingine da babur ɗinsa, hannu a sama. Na haye bayan babur ɗin na ce ya ja, in ya tsaya tambaya alhakin unguwa guda a wuyansa. Muka bi 'yar hanyar gefen layi, muka watsa barkonon wata baiwar Allah, muka sha kwana. Ga shi nan tafe, an yi masa sabon fenti shi ma. Na dira na shiga tsakiyar layi, na kama darduma da hannu biyu na yi ta kaɗawa sama da ƙasa, ina jin muryar Baba Tanko a kunnena yana cewa saniyar ta zama kilishi. Sai na ji ƙarar birki. Na yi tsalle gefe, jirgi ya wuce ni yana ƙugi, ƙafafunsa na fitar da wuta, ya shige kwana. Na bi shi a baya da ƙafa, ban san abin da zan tarar ba, kuma tsoron da na ji a 'yar tafiyar nan ban taɓa jin irinsa ba.

Na tarar da shi a tsaye, hancinsa daidai saitin rimi. Tsakaninsa da tabarmar farko bai fi ka shimfiɗa wata tabarmar ba. Daidai lokacin Liman ya ce Fatiha. Jama'a suka shafa, suka buɗe ido, suka ga jirgi a kansu yana huci. To a nan ne fa aka tashi gudu, bayan ya riga ya tsaya. Tsofaffin da nake cewa sai an kama su, wallahi wasu katanga suka tsallake. Takalma kuwa har washegari ana rabon su.

Ƙofar tarago ta buɗe, wani babba ya sauko cikin farar shadda, mai ɗaukar hoto na biye da shi. Fuskarsa a murtuke, yana tambayar wane ne ya tsayar da jirgin manya. Ina tsaye da dardumar Liman a hannu, na ce yau kam aiki ya ƙare. Kafin ya iso kaina sai Alhaji Sani ya tare shi, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, Allah ya ba da lada. Ashe ba ku manta da shi ba. Jirgi guda kuka ɗauko don gaisuwar mahaifinmu!"

Har yau ban sani ba ko Alhaji Sani da zuciya ɗaya ya faɗa, ko kuwa ɗan kasuwa ne kawai. Babban ya dubi rumfa, ya dubi tabarmi, ya dubi mai hoto da ya riga ya saita shi. Duk girman mutum a ƙasar nan, ba ya faɗa a wurin makoki. Fuskarsa ta sauya nan take. Ya tuɓe takalmi ya zauna, sauran manyan ma suka sauko suka jeru, ana ta "Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?" Ya yafito ni da yatsa, ya raɗa mini, "Wa ya rasu?" Na gaya masa. Sai ya miƙe ya yi jawabi a kan Baba Tanko, yadda suka daɗe suna jin labarinsa a hedkwata, yadda irinsu ne ƙashin bayan aikin, da yadda suka ga bai kamata su wuce ba su tsaya ba. Ya ce daga yau jirgi zai riƙa tsayawa a Rimi Biyu. Aka yi kabbara.

Mutum ɗaya ne bai yi jawabi ba. Direban ya sauko daga injin a hankali, kai duk furfura, ashe Malam Bulus ne aka kirawo daga ritaya don ya san hanyar. Ya zo ya zauna kusa da ni a kan ƙarfe.

"Garba, yaushe?"

"Shekaranjiya."

Ya dubi rimi, ya dubi hancin jirginsa. "Na zarce?"

"Ba ka zarce ba."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da goro ɗaya, ya ajiye a gindin rimin, ya share ido da hularsa. Ni ma a nan nawa hawayen suka zo, ban ɓoye ba.

Aka kwance rumfa, aka ja tabarmi, na ɗaga koriya, suka wuce. Bayan 'yan makonni mota ta kawo sabon allo mai ɗauke da sunan Baba Tanko, aka kafa, aka sake shafa wa bangon gaba fenti. Tuta dai ba a kawo ba. Jirgin yakan biyo jefi-jefi, ya yi mana kuka tun daga kwana, ya wuce da gudunsa, fasinjoji na ɗaga wa allon hannu. Tun daga ranar bai sake tsayawa ba.

Mutanen unguwar kuwa sun yi nazari sun gano abin da ke tsayar da jirgi a Rimi Biyu, kuma sun san tsohon ma'aikacin reluwe ɗaya ne ya rage musu a unguwar. Yanzu ko tari na yi sai an aiko a ji ya jiki. Mai ba da hayar rumfa yana gaishe ni har ƙasa. Ranar nan Liman da kansa ya ce mini dardumar tana nan ya adana, kada in damu. Na san kuma inda za su shimfiɗa tabarmin, don har yanzu babu wani fili sai nan, kuma in an ce musu jirgi na tafe za su ce tirela ce.

Shi ya sa na shiga kasuwar Tudun Wada na yanko jan yadi, na kai wa tela ya kashe masa baki, na sa masa sanda. Ga shi nan. Tashi, Nazifi, karɓi. Ba haka ba, wannan ai budurwa kake ɗaga wa hannu. Da kafaɗa ake yi, hannu biyu, sama da ƙasa. Gobe da safe ka same ni a gindin rimi, ka zo da wandon da ba ka so. Sai ka iya zama, sannan mu fara gudu, don ranar da za a buƙaci wani ya kai bayan kwana, ni ba zan samu damar tasowa ba.